Kashi 50 Ba Awo Ba Ne: Yadda Ake Daidaita Ƙarar Sauti Tsakanin Windows, Mac Da Linux

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi bayani a kan wata matsala da ke addabar masu haɗa shirye-shiryen rediyo, da masu ɗaukar karatu da wa'azi, da masu tura wa jama'a sauti a memori, har da mai sauraro a gida. Fayil ɗaya ne, a kunna shi a Windows ya cika ɗaki, a kai shi Linux sai an kasa kunne, alhali madannin sauti yana kan rabi a duka biyun. Ko kuma a na'ura ɗaya, wannan karatun sai an ƙure sauti kafin a ji, na bayansa kuma ya shigo kamar zai fasa dodon kunne. Yawanci lasifika ake ɗora wa laifi, kuma yawanci ba ita ba ce. Matsaloli biyu ne suka cakuɗe: yadda kowace babbar manhaja ke lissafin madannin sauti, da kuma ƙarfin da aka fitar da shi kansa fayil ɗin. Ra'ayinmu shi ne a gyara fayil tun daga tushe, a daina jiran kwamfutar mai sauraro ta gyara.

Bari mu fara da madannin. Lambar da ke jikinsa, 50 ko 70, ba awo ba ce. Kamar mudu ne, na wannan kasuwa ba na waccan ba ne. Awon gaskiya shi ne desibel, wanda ake rubutawa dB. A sautin kwamfuta, 0 shi ne rufi, komai yana ƙasa da shi, shi ya sa lambobin ke zuwa da alamar ragi. Rage 6 dB yana raba ƙarfin siginar gida biyu, amma kunne sai an rage kusan 10 dB yake jin ƙarar ta dawo rabi. To, a Linux mai aiki da PulseAudio ko PipeWire, wato manhajojin da ke kula da sauti a cikinsa, ana ninka lambar madannin da kanta sau uku ne, saboda haka kashi 50 yana nufin kusan -18 dB, kashi 80 kuma kusan -6 dB. A Windows direban sauti, wato manhajar da ke sarrafa na'urar sautin kwamfuta, shi ne ke yanke hukunci, kuma a na'urori da yawa kashi 50 yana kusa da -10 dB. Wasu manhajojin kunna sauti kuwa lissafin kai tsaye suke yi, kashi 50 nasu -6 dB ne kawai. Ka ga ke nan wanda ya saba da rabi a Windows, sai ya kai kusan kashi 68 a Linux kafin ya samu irin wannan ragin. Ba lalacewa ba ce, lissafi ne.

Ana iya ganin ainihin lambar. A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta mmsys.cpl, zaɓi lasifikarka, shiga Properties, sannan Levels, ka danna ɓarin dama na linzami a kan ma'aunin ka zaɓi decibels. A Linux, umarnin pactl list sinks yana nuna kashi da desibel a layi ɗaya. Mac yana da matakai 16 a maɓallan sauti, kuma idan ka riƙe Option da Shift kana dannawa, kowane mataki zai rabu huɗu, su zama 64.

Akwai wani abin da ke ruɗa masu sa Linux a laftof ɗin da ya zo da Windows. Kamfanoni sukan haɗa manhajar gyaran sauti irin su Dolby, DTS ko Waves MaxxAudio a cikin direban Windows, mai matse sauti ta ɗaga shi domin ƙananan lasifikokin su yi kamar suna da ƙarfi. Idan aka koma Linux babu wannan kwalliyar, sai lasifikar ta fito da muryarta ta asali. Kafin a zargi kowa, a buɗe alsamixer, manhajar saita matakan sauti ta Linux, a danna F6 a zaɓi katin sauti, a duba Master da PCM da Speaker, domin sau da yawa ɗaya daga cikinsu ne ke ƙasa, ko kuma yana da alamar MM, wato a toshe yake, harafin M ke buɗe shi. Abin da ba mu so shi ne kunna Over-Amplification a wuce kashi 100. Kashi 150 ƙarin kusan 10.5 dB ne a kan siginar da wataƙila tuni tana dab da rufi. Abin da ya wuce rufi datse shi ake yi, sautin ya fashe, kuma irin wannan fasasshen sautin ne ke cinye ƙananan lasifikoki.

Sai maganar gyaran da kowace manhaja ke yi da kanta. Windows yana da Loudness Equalization, a shafin Enhancements na wancan wurin da muka ambata. Aikinsa shi ne ya riƙa sauraron abin da ke fita, ya danne mai ƙarfi, ya ɗago marar ƙarfi. Yana da amfani ga mai kallon fim da dare, inda magana ke ƙasa, harbi ke sama. Amma bai san abin da ke tafe ba, yana bin sautin ne a baya. Shi ya sa idan mai karatu ya yi waƙafi, sai ka ji ƙugin janareta ko fankar ɗakin ya taso, da ya ci gaba kuma kalmar farko ta fito da ƙarfi kafin a danne ta. Akwai saitin Release Time a ƙarƙashin Settings. A ja shi wajen Long, wannan hawa da saukar zai ragu. A kuma sani cewa saitin na kowace na'ura daban ne: wanda aka yi wa lasifika bai shafi abin kunne na Bluetooth ko talabijin ta HDMI ba. A kwamfutoci da dama ma shafin ba ya nan kwata-kwata, domin direban kamfani ya ɓoye shi. Komawa direban Microsoft mai suna High Definition Audio Device yakan dawo da shi, amma za a rasa gyaran kamfanin. Sannan duk manhajar da ta kama na'urar sauti ita kaɗai, abin da Windows ke kira Exclusive Mode, tana tsallake wannan gyaran gaba ɗaya.

Wani tarkon na Windows yana shafin Communications. Yadda ya zo daga kamfani, da zarar ya ga ana kira, yana rage sauran sautuka da kashi 80. Wani lokacin manhajar taro tana buɗe ba tare da ana magana ba, mutum ya yi ta mamakin inda sautinsa ya tafi. A mayar da shi Do nothing.

Mac ba shi da irin wannan na tsarin gaba ɗaya. Abin da yake da shi shi ne Sound Check, a cikin manhajar Music, ƙarƙashin Settings da Playback, kuma iyakarsa wannan manhajar; bai taɓa abin da ake kunnawa a burauza ba. Mai son daidaita komai sai ya nemi manhajar waje kamar SoundSource. A Linux akwai EasyEffects, mai aiki a kan PipeWire, wanda a cikin nau'o'in Linux, Fedora ta koma kansa a 2021, Ubuntu kuma daga fitowar 22.10. A ɓangaren Output sai a jera Autogain, mai daidaita ƙara da kansa, a farko, Limiter, wato takunkumin da ke hana sauti wuce rufi, a ƙarshe. Idan aka juya jerin, Autogain zai ɗaga abin da aka riga aka yi wa takunkumi ya sake wuce rufi.

Duk waɗannan a na'urar mai sauraro suke, kuma mai shirya sauti ba shi da iko da su. Tun ran gini tun ran zane: abin da ke hannunsa shi ne fayil, kuma a nan ne aka fi yin kuskure.

Kuskuren shi ne dogaro da ƙololuwar sauti. Mutum ya buɗe manhajar gyaran sauti ta Audacity ya danna Normalize, ya sa -1 dB a kowane fayil, ya ɗauka ya daidaita. Wannan yana duba wuri ɗaya ne tak, inda sautin ya fi tashi a duk fayil ɗin. Idan an yi tari a bakin makirufo sau ɗaya cikin karatun awa guda, tarin ne zai tsaya a -1, karatun ya zauna can ƙasa. Talla kuwa da aka matse ta tam, ƙololuwarta ita ma -1 ce, amma daga farko har ƙarshe a saman take. A ma'aunin ƙololuwa sun yi kunnen doki, a kunnen mutum tazarar tana iya wuce 10 dB. Wannan ce ta sa tallace-tallace ke firgita masu sauraro, har Amurka ta yi dokar CALM a 2010 domin hana tallan talabijin fin shirin da yake ciki ƙara.

Maganin ya fito ne daga Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda ta fitar da ƙa'idar BS.1770 a 2006. Ƙa'idar tana tace sautin yadda kunne ke ji, ta rage wa gurnani na ƙasa nauyi, ta ƙara wa amo na sama, sannan ta auna shi. Daga baya aka ƙara mata wata dabara: ana raba sautin gutsure-gutsure na milisakan 400, a watsar da duk gutsuren da ya gaza -70, sannan a sake watsar da wanda ya yi ƙasa da matsakaici da tazarar 10, don kada shiru ya ja lissafin ƙasa. Sakamakon shi ne lamba ɗaya ta fayil gaba ɗaya, ana kiranta LUFS. Tazarar 1 a LUFS daidai take da 1 dB, saboda haka lissafin ba wuya: fayil mai -24 da ake son kaiwa -16, ƙarin 8 dB yake buƙata.

Ina za a tsayar? Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, ta tsayar da -23 LUFS a ƙa'idarta ta R128 ta shekarar 2010, ƙololuwa kuma kada ta wuce -1. Amurka tana kan -24. Waɗannan na watsa shiri ta iska ne, kuma sun yi ƙasa ga mai sauraro da waya a cikin kasuwa ko a Keke Napep. Apple yana neman -16 ga shirye-shiryen fodkas, Spotify yana daidaitawa a -14, YouTube ma kusan nan. Shawararmu ga maganar baka da za ta yawo a waya da kwamfuta ita ce -16 LUFS, ƙololuwa -1.5. Wuce -14 ɓata sauti ne a banza, domin YouTube zai sauke shi ƙasa, a bar ka da matsattsen sauti marar daɗi kuma ba ka fi kowa ƙara ba. YouTube yana rage mai ƙarfi ne a wannan lissafin, ba ya ɗago marar ƙarfi, don haka wanda ya ɗora -28 shi ma ya cuci kansa.

A kula da fayil mai hanya ɗaya, wato mono. Idan aka kunna shi yana fita ta lasifika biyu, sai ƙararsa ta ƙaru da 3 a kan abin da ma'auni ya nuna. Saboda haka -19 a mono shi ne daidai da -16 a sitiriyo, mai hanya biyu. Audacity yana da akwatin Treat mono as dual-mono a cikin Loudness Normalization, wurin da ake kai fayil lambar LUFS da ake so. Idan an yi masa alama, a rubuta -16, shi zai yi lissafin. Idan ba a yi ba, a rubuta -19. Wanda ya cakuɗa biyun zai yi ta samun fayilolin da suka bambanta da 3 dB bai san dalili ba.

Tsarin aikin ma yana da muhimmanci. A fara da yanke abin da ba a so da rage ƙugi, a tace duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, domin muryar mutum ba ta da wani abin kirki a can, sai iska da motsin teburi. Sai a ɗan matse da Compressor, mai rage tazara tsakanin sauti mai ƙarfi da marar ƙarfi, 2:1 ko 3:1, idan mai maganar yana matsowa yana ja da baya daga makirufo. Bayan nan ne ake Loudness Normalization, sai Limiter a ƙarshe, sannan a sake aunawa, domin takunkumin yakan ɗan sauke lambar. Ga dalilin takunkumin: a ce fayil yana -24, ƙololuwarsa -6. Ƙarin 8 dB zai kai ƙololuwar +2, ta fasa rufi. Ko dai a datse waɗannan 'yan ƙololuwar da limita, ko a haƙura a tsaya a -20. Idan limita na cin fiye da 3 ko 4 dB a kai a kai, matsalar tun daga ɗauka take. Tazarar -1.5 da muka ce a bari kuwa, saboda mayar da fayil MP3 ko AAC yana ɗan ɗaga ƙololuwa, kuma yana ƙaruwa idan aka matse fayil ɗin sosai don rage girmansa. A 64 kbps gara a bar -2.

Mai fayiloli da yawa, ko mai aiki a kan kwamfutoci daban-daban, ffmpeg, manhajar da ake sarrafa ta da rubuta umarni, ya fi masa, domin kyauta ne kuma umarni ɗaya ne a Windows da Mac da Linux. Ana yi ne sau biyu. Na farko awo:

ffmpeg -i karatu.wav -af loudnorm=I=-16:TP=-1.5:LRA=11:print_format=json -f null -

Zai fitar da lambobi: input_i, input_tp, input_lra, input_thresh da target_offset. A zagaye na biyu ana mayar masa da su a matsayin measured_I, measured_TP, measured_LRA, measured_thresh da offset, a ƙara linear=true, don ya ɗaga fayil ɗin da adadi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Abubuwa biyu ke ba mutane matsala a nan. Na ɗaya, idan ƙololuwar za ta wuce iyaka, ko faɗin hawa da saukar fayil ɗin ya fi LRA da aka rubuta, ffmpeg yana komawa salon dynamic, wato ya riƙa canja adadin ƙarin daga wuri zuwa wuri, ba tare da ya tsaya ba. A duba layin normalization_type a ƙarshen aiki. Na biyu, yakan ɗaga fayil zuwa 192 kHz yayin aikin, idan ba a rubuta -ar 48000 ko -ar 44100 ba, sai a samu ƙaton fayil da wasu na'urori ba za su kunna ba.

To waɗanda fayilolinsu tuni MP3 ne, dubbai a cikin rumbun ajiyar kwamfuta ko a memori fa? Kada a sake fitar da su a matsayin sabon MP3, kowane zagaye yana rage inganci. Hanya ta farko ita ce ReplayGain, wadda David Robinson ya gabatar a 2001. Ana auna fayil, a liƙa masa ɗan bayani cewa a rage ko a ƙara kaza, ba a taɓa sautin ba. Sabon tsarinta yana kan -18 LUFS. A Windows foobar2000 yana yin awon, rsgain kuma yana aiki a duka ukun. Amma dole manhajar kunnawa ta karanta bayanin. A VLC sai an shiga Preferences, Audio, an mayar da Replay gain mode zuwa Track ko Album. Track na jerin da aka gauraya ne, Album kuma na abin da aka ɗauka a zama ɗaya aka yanka gida-gida, kamar tafsirin rana guda, don kada kowane yanki ya zo da nasa matakin. Manhajar Music ta Apple ba ta duba ReplayGain, nata bayanin take karantawa mai suna iTunNORM. Fayilolin Opus, wani nau'in fayil ɗin sauti kamar MP3, kuma lissafinsu daga -23 yake farawa, tazarar 5 dB ke nan da ReplayGain, kuma manhajar da ba ta cike wannan giɓin ba za ta kunna su ƙasa da sauran.

Ƙananan rediyoyi masu cin memori da na'urorin mota galibi ba su san wannan bayanin ba. Ga masu tura sauti domin irin waɗannan, MP3Gain ya fi dacewa. Yana canja lambar ƙarfi da ke cikin kowane gutsuren MP3 ba tare da sake matsewa ba, mataki-mataki na 1.5 dB, saboda haka kowace na'ura za ta bi, kuma ana iya mayar da fayil yadda yake. Ya zo a saite kan 89 dB, wanda ke kusa da -18 LUFS. Masu ɗaga shi zuwa 95 ko sama da haka su duba layin clipping. Duk fayil ɗin da ya nuna alama a nan, fashewa zai yi. A riƙa ajiye kwafin asali kafin a fara.

Idan fayiloli sun daidaita, saura daidaita na'urorin, misali a ɗakin haɗa shiri mai kwamfuta biyu ko uku. A Audacity a shiga Generate, Noise, a zaɓi Pink na daƙiƙa 30, a kai shi -20 LUFS, a fitar da shi WAV. A kowace kwamfuta a kashe Loudness Equalization da Sound Check da EasyEffects da duk wata kwalliyar kamfani, a ƙure madannin manhajar kunnawa a kashi 100, kada ya wuce, ko da VLC ya ba da damar kaiwa 125. A ajiye waya mai manhajar awon ƙara a daidai inda kan mai aiki ke zama, tazara ɗaya a kowace na'ura, a kunna fayil ɗin, a riƙa motsa babban madannin har lambar ta zo ɗaya, a ce 70 dB. Manhajojin waya ba su da cikakkiyar daidaito, amma waya ɗaya a wuri ɗaya ta isa kwatanta na'ura da na'ura. A rubuta lambar kowace kwamfuta a manna a jikinta. Ba abin mamaki ba ne wannan ta tsaya a 45, waccan a 70. Duk wanda ke gyaran sauti, a wannan matakin zai riƙa aiki kullum, kuma da kwalliyar a kashe. Mai tace shiri da Loudness Equalization a kunne ba fayil ɗinsa yake ji ba, gyaran Windows yake ji, ranar da shirin ya je wata na'ura asirinsa zai tonu.

Akwai batun lafiya a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta 80 dB na tsawon awa 40 a mako a matsayin iyaka ga babba, 75 ga yaro, kuma kowane ƙarin 3 dB yana raba lokacin biyu. Mai abin kunne da ya ƙure sauti saboda fayil mai -28, sannan mai -9 ya biyo baya, ƙarin 19 dB ne ya faɗa masa a kunne lokaci guda.

Roƙonmu ga gidajen rediyo da masu ɗora shirye-shirye a intanet shi ne kowane gida ya rubuta lambarsa ya ba duk mai kawo masa talla ko shiri: -23 LUFS ga abin da za a watsa ta iska, -16 ga kwafin da za a ɗora a intanet, tare da iyakar ƙololuwa. Fayil ɗin da ya zo, a auna shi kafin a karɓa. Umarnin ffmpeg -i talla.mp3 -af ebur128=peak=true -f null - yana ba da lambar LUFS da ƙololuwar a layukan ƙarshe, kuma tallar minti ɗaya ba ta ɗaukar fiye da 'yan daƙiƙu.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin haɗa sauti da gyaran kwamfuta,
Kano.